Littafin aikin keke mai inji: akwatin rage gudu da masu sayar da shi

11 ga Janairu, 2025

Firam ya shirya, wilin baya ya sha sababbin wayoyi masu kauri, inji yana kan benci. Saura akwatin da zai shiga tsakanin inji da taya, kuma a kansa aikin ya tsaya. Duk wanda ya taɓa ɗora wa keke inji mai bugu huɗu, in ka tambaye shi abin da ya fi ba shi ciwon kai, da wuya ya ce inji ne.

Injin da ke hannuna Huasheng 142F ne, 49cc, wanda aka kwaikwayo daga Honda GXH50. A takardar Honda, GXH50 yana ba da ƙarfin doki 2.1 a juyi 7,000 cikin minti, ƙarfin murɗawarsa kuma iyakarsa niyuton-mita 2.7, a wajen juyi 4,500. Akwai sauri, babu ƙarfin hannu. Taya mai inci 26 kuwa, kowane juyi tana cin ƙasa kusan mita 2.07. In ana son kilomita 40 a awa, juyi 322 kacal ake nema daga gare ta a minti. A raba 7,000 gida 322, a samu kusan 22. Ke nan sai inji ya juya sau 22 kafin taya ta juya sau ɗaya. Sarƙa guda ba za ta ɗauki wannan aiki ba, domin in ƙaramin farantin da sarƙa ke hawa haƙora 10 gare shi, na baya zai nemi 220, kuma farantin da ya kai haka ya fi tayar kanta faɗi.

Shi ya sa ake raba ragin gida biyu. Masu injin nan mai bugu biyu, wanda ake gauraya masa fetur da mai, sun huta da rabin matsalar, don ragin farko yana cikin injin: giya mai haƙora 20 tana juya mai haƙora 82, wato 4.1, sannan sarƙar waje daga 10 zuwa 44 ta ƙara 4.4, a tashi da kusan 18. Mai bugu huɗu kuwa ba don keke aka ƙera shi ba. Injin famfon ruwa ne da ƙaramin janareta da makamantansu, shaf ɗinsa, wato sandar ƙarfen da ke juyawa, a tsirara yake fitowa. Akwatin wani ne daban yake yin sa, sau da yawa wanda ba za ka taɓa sanin sunansa ba.

Iri uku na gani a kasuwa: mai giya, mai sarƙa a ciki, da mai bel mai haƙora.

19 ga Janairu

Na kwashe makon ina rubuta wa masu sayarwa ta intanet. Hoto ɗaya ne yake yawo a shagunansu, akwati ɗaya a kan farin kyalle ɗaya, har da ɗan tabon da ke gefen murfi. Sunan shago kaɗai ke canzawa. To ta yaya za ka bambance su? Ba ta hoto ba, ba kuma ta kalmomin talla ba, tunda kowa cewa yake nasa «sabon samfuri ne mai ƙarko».

Sai na aika wa kowa tambayoyi iri ɗaya. Haƙora nawa ne a kowane faranti? Mene ne lambar boris ɗin da ke ciki? Kulochin na shaf mai tsini ne, ko na miƙaƙƙe mai inci 5/8? In bushin, wato zoben tagullar da kwanon kulochi ke juyawa a kansa, ya cinye, kuna sayar da shi shi kaɗai? Tambayar shaf ba ta neman magana ba ce, domin 142F yana zuwa da iri biyun, kuma kulochin ɗaya ba ya hawa ɗayan.

Mafi yawansu sun mayar mini da abin da ke rubuce a tallar, kalma da kalma. Wani ya ce akwatin «yana hawa kowane inji», wanda ba zai yiwu ba. Wani ya amsa tambayar shaf daidai, ya ce ragin 5 ne, ya yi gum a kan boris da bushin. Mutum ɗaya ne ya amsa duka, har ya nemi in turo masa hoton shaf ɗin da ma'auni a jikinsa kafin ya ce komai. Nasa mai bel ne, kuma ya ƙare masa, ya ce ba zai samu ba sai wajen Afrilu, kuma ba ya karɓar kuɗin kayan da ba su iso hannunsa ba.

Ƙarin gishiri a wannan kasuwa tsohon abu ne. Injin mai bugu biyu da ake tallatawa ko'ina a matsayin 80cc, faɗin fistin ɗinsa milimita 47 ne, tafiyarsa 38 ko 40. Ko yaya ka juya lissafin, 66cc zuwa 69cc za ka samu. Kowa ya sani, kowa yana ci gaba da rubuta 80. Kasuwar da ta saba da wannan, ba a ɗaukar lambobinta sai an auna.

Ba na son keken ya zauna wata uku a jingine, don haka na sayi mai sarƙa daga wanda ya amsa rabi. Na gaya wa mai bel ɗin ya ajiye sunana.

2 ga Fabrairu

Akwati ya iso. Kafin ya taɓa inji na kwance murfin, tunda gani ya kori ji.

Ƙaramin faranti haƙora 11, babba 54. Ragin 4.9 ke nan, ba 5 ba, amma wannan ba abin ɗaga murya ba ne. Haɗe da 10 zuwa 44 na waje, jimla 21.6, kilomita 40 a awa a juyi 7,000, daidai abin da nake nema.

Sarƙar ce ta sa na zauna da alƙalami. Tazarar gaɓoɓinta milimita 8, irin wadda ake kira T8F, ta ƙananan baburan wasa. Haƙora 11 sau milimita 8 sau juyi 7,000, sarƙar tana gudun fiye da mita 10 a daƙiƙa. Gaɓoɓi 62 gare ta, tsawonta bai kai rabin mita ba, wato tana zaga akwatin kusan sau 20 kowace daƙiƙa. A masana'antu, sarƙar da ke irin wannan gudu cikin mai take iyo, ko kuma famfo ke watsa mata shi. Wannan kuwa an lakata mata giris kamar cikin cokali a gefe guda, aka rufe. Juyin farko zai watsar da giris ɗin jikin bango, daga nan kuma ba mai dawo da shi.

Akwai wani abu da ƙarancin haƙora ke jawowa. Sarƙa ba ta kwanciya a kan faranti a zagaye sumul, gaɓa-gaɓa take lanƙwasa, don haka gudunta yana hawa da sauka a kan kowane haƙori. A haƙora 11, bambancin kusan kashi 4 cikin ɗari ne. A haƙora 17 bai kai kashi 2 ba, shi ya sa masu zanen na'ura ba sa son saukowa ƙasa da nan in gudu ya yi yawa. Amma in ka sa 17 a nan, babban farantin zai nemi haƙora 83, akwatin ya kumbura har feda ta riƙa dukansa. Ba wauta ce ta sa suka zaɓi 11 ba, rashin wuri ne. Sai dai wanda ya zaɓi haka, wajibi ne ya rama da mai mai kyau da abin ɗaure sarƙa. Babu ko ɗaya a ciki.

Na goga magagari a haƙoran. A ƙaramin faranti ya zame bai kama ba, an ƙona ƙarfen ya yi tauri. A babban kuwa ya ci nan take. Boris biyu na shaf ɗin fita ba su da suna ko lamba, amma awonsu 15 a ciki, 35 a waje, kauri 11, wato 6202, wanda ake samu a duk inda ake sayar da boris. Wannan ya kwantar mini da hankali. Kwanon kulochi yana juyawa a kan bushin na tagulla, siriri, wanda awonsa bai yi daidai da wani da na sani ba. Na kuma share ɓarɓashin alminiyam daga kusurwoyin akwatin, ragowar huda ramuka da ba a wanke ba.

Na ɗauki hoton komai da kwanan wata, na cika sarƙar da giris, na jiƙa bushin da man inji, na rufe.

9 ga Fabrairu

An ɗora. Ramuka huɗu na akwatin sun hau fuskar injin ba gardama. Sukurorin M6 ne, na ɗiga musu Loctite 243, gam mai hana sukuru kwancewa, na ɗaure da sauƙin hannu don zaren alminiyam ba ya jure fushi.

Farantin baya bai hau kan wayoyi ba. Maƙalin roba da ke zuwa da kayan yana matse wayoyin wili tsakanin faifai biyu, kuma ƙarfin da zai bi ta nan ba kaɗan ba ne: niyuton-mita 2.7 na inji ya zama kusan 58 a wili, sarƙar waje kuma tana jan nauyin da ya haura kilo 60. Na sa maƙali mai kama cibiyar wili. Tangaɗin farantin bai kai milimita ɗaya ba. Na yanke sarƙar 415 daidai tsawo, na ja wilin baya har lilonta ya tsaya wajen milimita 15, don in rabu da ɗan gargaren ɗaure sarƙa da ake maƙalawa a ƙafar firam. In ya juya ya faɗa cikin wayoyi ana gudu, wilin kullewa yake yi.

Na yi wannan duka da gangan, don in akwati ya samu matsala, kada a ce daga wajena ne.

23 ga Fabrairu

Keke yana tafiya, kuma tafiya mai daɗi. Kulochi yana kamawa lafiya, akwatin yana ɗan kuka a sama amma ba abin damuwa ba.

Tun kwana uku da isowar kayan kasuwar intanet ɗin take turo mini saƙo in ba da taurarin yabon kaya. Da na ba da a yau, biyar zan bayar, kuma ba ƙarya zan yi ba. Nan na koma na sake karanta sharhin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin akwatin, wannan karon ina duba abin da kowa yake yabo. «Ya iso da wuri.» «An naɗe shi da kyau.» «Ya hau daidai.» «Ban gwada ba tukuna amma da alama mai kyau ne.» Duk sharhin makon farko ne. Masu taurari ɗaya ko biyu 'yan kaɗan ne, suna can ƙasa, kuma su kaɗai ke ambaton kilomita. Ɗaya ya ce sarƙar ciki ta yi tsalle ta fasa murfi, wani ya ce kwanon kulochi ya fara rawa.

Taurarin nan suna auna mai kai kaya da mai naɗe kwali. Ƙarfen da ke ciki ba su san da shi ba, domin lokacin da zai nuna halinsa, mai saye ya daɗe da rubuta nasa ya wuce. Wa'adin mayar da kaya a kasuwar kwana 30 ne daga ranar isowa. Mai hawa keke a ƙarshen mako kawai, kafin ya haɗa ya gama gyare-gyare, rabin wa'adin ya tafi.

Ban ba da taurarin ba.

16 ga Maris

Kusan kilomita 300. Wani ƙara ya shigo, ƙaf-ƙaf-ƙaf, amma sai keke yana tsaye inji yana silo. Da na murɗa totur sai ya ɓace. Wannan kaɗai ya nuna inda ciwon yake.

Kulochin irin wanda gudu ke buɗewa ne. Takalmansa suna maƙale da shaf, sifirin yana riƙe da su. In juyi ya hau, su buɗe su kama kwanon, shaf da kwano su zama abu ɗaya. A wannan hali bushin hutawa yake yi, ba abin da ke gogarsa. Aikinsa yana farawa ne lokacin da aka tsaya: shaf yana juyi dubu biyu da wani abu, kwano yana tsaye cak, bushin ne a tsakaninsu. Ga kuma zafin da takalman ke haifarwa duk lokacin tashi, wanda ke bin kwanon ya ƙone ɗan man da ke jikin tagullar. Don haka mai yawan tsayawa da tashi zai cinye bushin kafin mai doguwar hanya, ko da na biyun ya ninka shi kilomita. Lissafin kilomita da ake yi wa akwati bai cika gaya maka komai a kan wannan ɓangaren ba.

Na buɗe. Kwanon yana rawa a hannu, a bakinsa kusan milimita ɗaya. Kuma ƙaramin farantin a jikin kwanon yake, saboda haka duk rawar da ya yi, sarƙa ce ke sha. Na auna gaɓoɓi 20, waɗanda ya kamata su ba da milimita 160, na samu 162. Ta miƙe fiye da kashi ɗaya cikin ɗari. Ba ƙarfen ne ya ja ba, ƙusoshin gaɓoɓin ne suka cinye. Giris ɗin da na cika ya koma jikin bango ya yi baƙi, sarƙar kanta a bushe. Na zura mayen ƙarfe a ciki, ya fito da gemu. Haƙoran babban faranti sun fara sheƙi a gefe guda. A murfi akwai layi inda sarƙar ta fara taɓawa.

Wa'adin mayarwa ya cika tun 4 ga wata. Na rubuta wa mai sayarwa, na haɗa da hotunan ranar farko da na yau. Ban nemi kuɗi ba. Bushin da sarƙa na ce ya sayar mini.

22 ga Maris

Amsa ta farko: in turo bidiyo. Na tura. Amsa ta biyu: ba a ɗora shi daidai ba. Na tambaya wane ɓangare na ɗorawar ne ke shafar bushin da ke cikin rufaffen akwati. Amsa ta uku ta tsallake tambayar, ta ce ba sa sayar da kayan ciki, amma za a yi mini rangwame a sabon akwati, kuma in na ba da taurari biyar za a ƙara wani abu a kai.

Ban ɗauki mutumin a matsayin ɓarawo ba. Na fi zaton bai taɓa ganin cikin akwatin ba. Kwali ne ke zuwa rumbun ajiya, kwali ke fita, shi kuma yana gaban kwamfuta da jerin amsoshin da aka tanada. Ba zai gaya mini lambar bushin ba saboda bai san akwai bushin ba. Shirun da ya yi a watan Janairu a kan wannan tambaya, ashe shi ne amsar.

Maganar sayen taurari kuwa ta ƙara bayyana mini yadda waɗancan biyar-biyar ɗin suka taru.

6 ga Afrilu

Tunda ba za a sayar mini ba, sai gyara da abin da ake samu.

Sarƙar T8F ba ta yi wuyar samu ba, na yanke gaɓoɓi 62. Boris na canza su duka biyu da 6202-2RS, masu murfin roba, ko da yake ɗaya ne kawai ya fara ƙara a hannu. A nan ma akwai batun amana, domin jabun boris sun cika duniya, da sunan manyan kamfanoni a jiki da kwali mai kyau. Har kamfanin SKF mai ƙera boris ya fitar da manhajar waya, SKF Authenticate, wadda ake tura hoton boris da kwalinsa su duba. Na saya daga dilan da ke da izinin kamfani, na huta.

Bushin ne ya ci lokaci. Babu mai awonsa a jerin da ake sayarwa, sai na sayi mafi kusa, na tagulla mai shan mai, aka fiƙe shi a injin fiƙe ƙarfe ya zo daidai. Irin wannan tagulla garin ƙarfe ne aka matse aka gasa, cike take da ƙananan ƙofofi da ke riƙe mai, in ta yi zafi ta fitar, in ta huce ta shanye. Don haka ba a son a goge cikinta da takardar yashi, kada ƙofofin su toshe. Na jiƙa shi cikin mai mai ɗumi ya kwana.

Babban canjin shi ne mai. Kulochi da sarƙa ba a ɗaki ɗaya suke ba, akwai bango tsakaninsu, sai dai kwanon ya ratsa ta wani rami. Na shafa gam ɗin gasket a bakin murfi, na huda ƙaramin ramin numfashi a sama don zafi kada ya tura mai waje, na huda wani a ƙasa na sa masa sukuru mai mayen ƙarfe a baki. Na zuba man inji daidai yadda ƙasan babban faranti zai riƙa tsoma haƙoransa, ba fiye ba. Na guji man giya na GL-5, saboda sinadarin sulfa da ke cikinsa ba ya shiri da tagulla in zafi ya yi yawa. Abin tsoron ɗaya ne: in mai ya bi ramin ya kai ga takalman kulochi, za su riƙa zamewa. Na yanka zoben roba na sa a wurin.

27 ga Afrilu

Mai bel ɗin ya rubuto da kansa, kaya sun iso. Tare da saƙon akwai zanen akwatin a warwatse, kowane ɓangare da lambarsa. Bel ɗin 5M ne, wato milimita 5 tsakanin haƙori da haƙori, faɗinsa 15. Fuli, wato gargaren da bel ke hawa, mai haƙora 20 yana juya mai 100. Kwanon kulochi a kan boris yake, ba bushin ba.

Abin da ya fi jan hankalina wani sakin layi ne da ban tambaya ba. Ya ce raunin akwatin yana ga boris mai juyawa gefe ɗaya da ke cikin babban fuli, wanda ke ba ka damar taka feda ba tare da ka ja bel da kwanon kulochi ba. Ya ce shi ne abin da mutane suka fi dawowa saye, musamman masu fizgar totur daga tsaye ko masu ɗaukar kaya masu nauyi, kuma in haka nake hawa, gara in sa farantin baya mai haƙora 48 ko fiye, in haƙura da ɗan gudu. Ya ba ni awon boris ɗin, ya ce ba dole sai a wajensa zan saya ba.

Mai neman ya sayar ya ɓace ba ya nuna maka inda kayansa ke karyewa. Duk da haka iya magana ma sana'a ce, kuma ba girin-girin ba, ta yi mai. Na saya, na haɗa da bel ɗaya na ajiya. Zan bar mai sarƙa a jikin keke har in ga abin da man ya yi.

18 ga Mayu

Man ya yi aiki. Bayan wasu kilomita 350, gaɓoɓi 20 sun ba da 160.5. Kukan akwatin ya ragu sosai, bushin ba rawa, kulochi a bushe. Mayen ƙarfen da ke sukurun ƙasa yana tara ɗan laushin ƙarfe, daga babban faranti nake zato, amma ba kamar da ba. Sarƙar farko ba ta da laifi ke nan, ƙishirwa ce ta kashe ta.

Sai kuma jiya, a kan hawa, inji ya yi ihu keke ya tsaya. Na ɗauka sarƙa ce. Da na duba, shaf ɗin fita yana juyawa, farantin waje mai haƙora 10 yana tsaye. Ɗan ƙarfen da ke kulle su, ki mai siffar jinjirin wata, ya yanke gida biyu. Ramin da yake zama a cikin shaf ya buɗe baki.

A lissafi, niyuton-mita 2.7 na inji sau ragin 4.9 ya zama kusan 13 a kan wannan shaf, amma wannan matsakaici ne. Inji mai silinda ɗaya da bugu huɗu sau ɗaya yake turawa a kowane juyi biyu, sauran lokacin nauyin fulawil, faifan da ke juyawa tare da shaf ɗin inji, ke ɗauke da shi. Ƙarfin yana zuwa ne duka-duka, fiye da sau 50 a daƙiƙa in ana gudu, kuma kowane duka ya ninka matsakaicin. In akwai ɗan sarari tsakanin ki da raminsa, kowane duka ƙara buɗe shi yake. Sarƙa ba ta da taushin da za ta shanye wannan, duk abin da ta karɓa miƙawa take yi gaba. Sabon ki ba zai zauna a ramin da ya buɗe ba. Gyaran gaskiya sabon shaf ne, shi kuma ba a sayar da shi.

Na koma shafin wanda na saya a wajensa. Shagon babu shi. Hoton akwatin yana nan a wasu shaguna, har da tabon gefen murfi.

8 ga Yuni

Mai bel ya hau. Kafin nan na kwance shi kamar yadda na yi wa na farko. Haƙora 20 da 100 kamar yadda aka ce, boris duk da lamba a jiki, kuma lambobin sun dace da zanen. Shaf ɗin fita ya fi na wancan kauri, ki ɗinsa mai kusurwa huɗu ne, dogo, ya shige raminsa da ɗan duka. Na sa farantin baya mai haƙora 48, ragin ya zama 24, gudu ya sauko wajen kilomita 36 a awa.

Aibu ɗaya na samu: ɗaya daga cikin ramukan sukurun murfi zarensa ya lalace tun daga masana'anta, sukurun yana juyawa ba ya kamawa. Abu ne da zan iya gyarawa da zaren ƙarfe na Helicoil cikin minti goma. Amma dama ce ta ganin mutumin bayan kuɗi ya shiga hannunsa, don haka na aika masa hoto. Washegari ya amsa, ya ce laifin nasu ne, ya ba ni zaɓi: ya turo sabon farantin jikin akwatin, wanda ramin yake a kansa, ko in gyara da kaina ya mayar mini da wani abu. Bai nemi bidiyo ba, bai ambaci taurari ba. Na zaɓi farantin, na gyara ramin kafin ya iso.

Ɗaurin bel yana son kulawa. In ya yi sako-sako haƙora za su yi tsalle, in ya yi tsauri boris ɗin shaf ɗin inji ne zai biya. Na bar shi yana lotsawa kamar milimita 3 in na danna tsakiya da yatsa.

29 ga Yuni

Farantin da aka yi alkawari ya iso tun makon jiya, yana cikin akwatin kayan aiki.

Kusan kilomita 400 a kan bel. Shiru ne abin da aka fara lura da shi, yanzu ana jin ƙarar bawul ɗin inji da ta taya a kan kwalta. Tashi daga tsaye ya fi laushi. Bel ɗin ya ɗan saki a kilomita ɗari na farko, na ƙara ɗaure shi sau ɗaya, tun daga nan bai motsa ba. Akwai baƙin gari kaɗan a cikin murfi, a gefen waje, alamar bel yana jingina da bakin ƙaramin fuli. Na sa washa siririya a bayan babban fuli don su daidaita, zan duba ko garin ya daina taruwa.

Kilomita 400 ba hukunci ba ne. Na farkon ma sai da ya haura 600 kafin ya zaunar da ni a hanya. Boris mai juyawa gefe ɗaya, wanda aka gargaɗe ni a kansa, na yi masa alama da fenti a zoben waje da jikin fuli, don in ya fara zamewa a mazauninsa in gani kafin in ji. Layukan biyu suna nan a haɗe. Da na juya shi baya da hannu yau, na ji ɗan gurzawa a wuri ɗaya wanda ban ji ba ranar da na ɗora shi. Na yi odar wani mai awo ɗaya daga dilan boris, na kuma rubuta wa mai akwatin na gaya masa abin da na ji da yawan kilomitar.

Tsohon akwatin yana kan benci a kwance. In an samu wanda zai fiƙe mini sabon shaf da ramin ki mai kusurwa huɗu, zan mayar da shi kan wani firam, da mai a cikinsa tun daga ranar farko, in ga iyakar babban farantin nan mai taushi. Buɗewa ta gaba a kan mai bel, in Allah ya kai mu, a kilomita 700.